A DAINA AUNA MUTUM DA FAƊUWARSA TA JIYA

Ina rubuto muku wannan maƙala daga ƙasar Amurka, kuma tun farko zan faɗa muku cewa da ɓacin rai na ɗauki alƙalami. Abin da ya ɓata mini rai kuwa shi ne yadda makarantun koyar da mataimakan likita na wannan ƙasa suke tace masu neman shiga, watau yadda lamba guda ɗaya tak ta zama ƙofa, ta zama makulli, ta kuma zama mai gadi.

Bari in fara bayyana wane ne mataimakin likita, don kada wani ya zaci ɗan aike ne mai riƙe wa likita jaka. A Amurka mataimakin likita yakan duba marar lafiya, ya gano ciwonsa, ya sa a yi masa gwaji, ya rubuta magani, har ya taya likita aiki a ɗakin fiɗa. Karatunsa yakan ɗauki wajen wata 27 bayan digiri na farko, a ba shi digiri na biyu, sa'an nan ya zauna jarrabawar ƙasa kafin a ba shi lasisi. Makarantun da aka amince da su sun haura 300, amma duk da haka masu nema sun ninka gurbin da ake da shi nesa ba kusa ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. A jami'o'in Amurka kowane darasi ana ba shi maki: A tana da 4, B tana da 3, C tana da 2, D tana da 1, faɗuwa kuwa sifiri. Sai a haɗa duka, a fitar da matsakaici. Da yawa daga cikin makarantun nan sun kafa doka cewa duk wanda matsakaicinsa bai kai 3.0 ba, kada ma ya wahalar da kansa. Wannan ma a takarda ke nan, domin waɗanda ake ɗauka a zahiri matsakaicinsu yakan kai wajen 3.6.

Ni nawa 2.7 ne, kuma ba na jin kunyar faɗa. A shekaru biyu na farko a jami'a ina aikin dare don in biya kuɗin makaranta da na haya, da safe in shiga aji ido na rufewa. Na faɗi darasin kimiyyar sinadarai warwas. Daga baya da hali ya ɗan gyaru na sake shi, na sami A, kuma a shekaru biyu na ƙarshe ban sauko ƙasa da B ba ko sau ɗaya. Bayan na gama na yi shekara uku ina taya ma'aikatan jinya aiki a wani asibiti, wajen awa 6,000 ke nan a gefen gado: ina auna zafin jiki da bugun jini, ina juya tsofaffi don kada bayansu ya yi gyambo, ina wanke wanda ya kasa wanke kansa. Da na ga na ƙosa, sai na aika takarduna makarantu 11, kowace da kuɗinta. Duk suka ƙi ni. Wata ma kwana biyu kacal ta yi ta amso. Ina tambaya, jama'a, wane malami ne ya karanta tarihina da wasiƙun shaidar da likitoci suka rubuta mini cikin kwana biyu? Babu. Kwamfuta ce ta ga 2.7 ta yar da ni.

Wani zai ce, ai sai ka koma ka gyara makin. To, mu yi lissafi tare, tun da lissafi ba ya ƙarya. Digiri na farko yakan ƙunshi kiredit 120, watau ma'aunin nauyin darussa. Mai 2.7 yana da jimlar maki 324. Kafin ya taɓa 3.0 sai ya ƙara kiredit 36, kuma ya ci A a kowannensu, ba tuntuɓe ko ɗaya. Karatun fiye da shekara guda ke nan. In kuwa yana so ya kai 3.6 ɗin da ake ɗauka da shi, sai ya ƙara kiredit 270, watau fiye da digiri biyu sababbi ful! Ga shi kuma a tsarin lissafin da yawancin makarantun ke bi, in ka faɗi darasi ka sake shi ka ci, ba a share faɗuwar, haɗa ta ake yi da cin a raba. Har ila yau, tallafin gwamnatin tarayya na ɗalibai marasa ƙarfi, wanda ake kira Pell, ba a ba wanda ya riga ya sami digiri na farko, sai a 'yan wurare ƙalilan. Ashe ke nan gyaran maki na mai kuɗi ne. Ɗan mai hali ya yi tuntuɓe ya sayi hanyar tashi, ɗan talaka kuwa faɗuwar da ya yi yana ɗan shekara 19 za ta bi shi har furfura.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu wannan doka sun manta mafarin sana'ar tasu. A shekarar 1965 ne Dokta Eugene Stead ya buɗe ajin farko na mataimakan likita a Jami'ar Duke da ke Karolina ta Arewa, saboda ƙarancin likitoci. Su wa ya ɗauka? Mutum huɗu ne, dukkansu tsofaffin ma'aikatan lafiya na rundunar sojan ruwa, waɗanda hannunsu ya riga ya saba da rauni da jini. Uku daga cikinsu suka sauke karatu ranar 6 ga Oktoba, 1967. A 1969 kuma Dokta Richard Smith ya kafa irin wannan shiri mai suna MEDEX a Jami'ar Washington, shi ma da tsofaffin ma'aikatan lafiya na soja, don a tura su ƙauyukan da ba likita. An gina sana'ar nan a kan ƙwarewar hannu da aka riga aka gani, aka ɗora mata ilmin aji. Yau da mutane irin waɗancan za su dawo su nemi shiga, ina tsoron da yawansu ba za su wuce bakin ƙofa ba.

Na san abin da shugabannin makarantun za su ce, kuma ba zan ɓoye shi ba. Za su ce karatun yana da zafi, ana cusa wa ɗalibi cikin shekara guda abin da ya isa ya karya ƙato, kuma rai ne za a damƙa masa. Za su ce an wajabta musu su bayyana wa duniya yawan ɗalibansu da ke cin jarrabawar ƙasa, saboda haka ba za su yi caca da sunansu ba. Za su ƙara da cewa takardu dubbai ne, masu karantawa kaɗan. Duk na yarda. Ni ma ba na so raggo ya duba mahaifiyata. Amma fa tambayar ita ce, wane ma'auni ne ke nuna ƙoƙarin mutum na yau? Wanda ya fara da C ya ƙare da A, da wanda ya fara da A ya ƙare da C, matsakaicinsu ɗaya ne, alhali ɗaya hawa yake yi, ɗaya gangara. Ma'aunin da ya kasa bambance waɗannan mutum biyu, ta yaya za a ce shi ne garkuwar marasa lafiya? Sauƙi dai ya samar wa masu tacewa, sai suka sa masa sunan inganci.

Ba kuwa abin da ba zai yiwu ba nake nema, domin akwai makarantun da tuni suke duba kiredit 60 na ƙarshe da kuma darussan kimiyya na kusa-kusa, kuma ba su rushe ba. Ina kira ga sauran su bi sahu. Wanda ya sake darasi ya ci, a ba cin nasa nauyi. Wanda ya kawo awa dubbai na aikin asibiti, a sa ɗan Adam mai ido da zuciya ya karanta takardarsa kafin a yanke hukunci. In kuwa makaranta ta san ba ta taɓa ɗaukar mai ƙasa da 3.4 ba, to, ta faɗa a fili, ta daina rubuta 3.0 tana sa talakawa suna zubar da kuɗinsu a banza.

Ku kuma ƙannena da ke aji ɗaya da aji biyu, ku ji daga bakin wanda ya ɗanɗana: ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tsare makinku tun daga zangon farko. Wanda nasa ya riga ya lalace, kada ya watsa kuɗinsa ko'ina kamar yadda na yi. Ya binciki dokar kowace makaranta, ya zaɓi masu duba ƙarshen karatu, ya kuma aika da wuri, domin da yawa suna cika gurbinsu tun kafin ranar rufewa.

Malamanmu na gida, ku ma kun san ɗaliban da digiri mai daraja ta uku ya rufe wa ƙofar digiri na biyu, alhali kun ga yadda suka farfaɗo a ƙarshe. Idan kun zauna a kwamitin ɗaukar ɗalibai, ku tuna da su. Ni dai yanzu na ci kiredit 20 daga cikin 36 ɗin nan, da kuɗin gumina, kuma in Allah ya yarda zan sake ƙwanƙwasa ƙofar baɗi.

Haza wassalam.