Wanda Ya Ci Ladan Kuturu

Masu iya magana sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Duk gwamnatin da ta ɗauki matashi lafiyayye, ta sa masa kaki, ta tura shi bakin daga, to ta ci lada. Ranar aski kuwa ita ce ranar da ya dawo babu ƙafa ɗaya, ko da ƙwaƙwalwa a rikice. Bari mu ɗauki misali daga Amurka, ƙasar da ta fi kowace kashe kuɗi a harkar soja, don kada wani ya ce talauci ne ya jawo.

A watan Fabrairun 2007, 'yan jarida biyu na Washington Post, Dana Priest da Anne Hull, suka tona halin da sojojin da aka raunata a Iraƙi da Afganistan suke ciki a asibitin soja na Walter Reed, wanda a lokacin yake birnin Washington. A wani masauki da ake kira Gini na 18, an iske ɓeraye da kyankyasai, bango kuma duk funfuna. Kafin mako biyu su cika, an tsige shugaban asibitin, Manjo Janar George Weightman, Sakataren Sojan Ƙasa Francis Harvey kuma ya yi murabus.

To amma ni a ganina, ɓeraye su ne ƙaramar matsalar, domin maganin ɓera da fenti sun ishe su. Babbar cutar ita ce takarda. Rahoton ya nuna cewa sai soja ya cike takardu 22 a ofisoshi takwas daban-daban, sau da yawa kuma fayil ya ɓace a sake sabon lale. Haka mutum zai yi watanni, wani ma fiye da shekara, yana jiran a yanke masa hukuncin sallama. Ya mai karatu, yaya wanda bam ya taɓa wa ƙwaƙwalwa zai iya wannan zirga-zirga?

Ga inda gizo ke saƙa. A dokar Amurka ta wancan lokacin, kwamitin soja ne ke auna nakasar mutum bisa ɗari. Wanda bai kai shekara 20 a aiki ba, in aka ba shi kashi 30 zuwa sama, zai sami fansho da kulawar lafiya ta soja shi da iyalinsa. In aka ba shi ƙasa da haka, sai a sallame shi da kuɗi a dunƙule sau ɗaya. Ke nan a lokacin, hukumar da za ta biya ita ce ke riƙe da ma'auni. Ashe ba an ba kura ajiyar nama ba?

Wani zai ce ai jami'an dukiyar jama'a suke karewa daga masu ƙaryar ciwo. Gaskiya ne ba a rasa irinsu. Amma ko ita Majalisar Dokokin Amurka ba ta gamsu da wannan hujja ba, domin a 2008 ta kafa kwamitin sake duba waɗanda aka sallama da kashi 20 zuwa ƙasa tun daga 11 ga Satumba 2001. An kuma ɓullo da tsarin da ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ce ke ƙayyade kason, ba rundunar ba.

Darasin a fili yake ga kowace ƙasa mai soja. Mai biyan diyya bai kamata ya zama mai auna rauni ba, kuma bin fayil ofis-ofis aikin hukuma ne, ba na wanda ke kan keken guragu ba. Kada a manta, kurtun da ke bakin daga yau yana kallon yadda ake yi wa na jiya. Allah Ya sa shugabanni su gane.