Kafin Amurka Ta Tsaya Wa Gini, Ta Duba Unguwar Da Za A Kafa Shi

Tun watan Fabrairun 2025 da Sakataren Gidaje da Raya Birane na Amurka, Scott Turner, ya soke ƙa'idar da ke neman jihohi da birane su nuna abin da suke yi don kawar da wariya a unguwanninsu, abin da ake buƙata daga mai son kuɗin gidaje na tarayya bai wuce ya sa hannu cewa yana kamanta adalci ba. Babu bincike, babu taswira, babu mai tambaya. Wannan ne karo na biyu cikin shekara biyar da ake yi wa ƙa'idar haka: gwamnatin Obama ta kafa ta a 2015, sakataren gidaje na lokacin, Ben Carson, ya dakatar da ita a 2018, aka soke ta a 2020, Biden ya maido da ita a 2021, ga shi an sake tunkuɗe ta. Mun gaji da ganin haƙƙin talaka yana hawa da sauka da sakamakon zaɓe.

Matsayinmu a fili yake. Duk rukunin gidajen da gwamnati za ta tsaya wa da inshorar bashi, wajibi ne ta auna halin unguwar da za a gina shi: makarantar da yara za su shiga, iskar da za su shaƙa, motar da za ta kai iyaye wurin aiki, da kuma ko ginin zai ƙara cunkushe marasa ƙarfi ne wuri guda. Idan mai gini ya kasa biya, Hukumar Gidaje ta Tarayya, FHA, ita ke biyan banki. Wanda ya ɗauki nauyin asara yana da ikon gindaya sharaɗi, kuma yana da alhakin abin da sa hannunsa ya haifar.

FHA ba za ta ce ba ta iya auna unguwa ba. Tun kafa ta a 1934 take aunawa, sai dai da mugun ma'auni. Littafin jagora da ta ba masu kimanta gidaje a shekarun 1930 ya ɗauki zuwan baƙar fata cikin unguwa a matsayin haɗari ga kuɗin banki, ya kuma yaba da yarjejeniyoyin da ke hana sayar musu da gida. A Detroit, a 1941, wani mai gini ya nemi lamunin FHA don gina wa fararen fata gidaje kusa da wata tsohuwar unguwar baƙaƙe a gefen titin Eight Mile. Sai da ya tayar da katangar siminti mai tsawon kusan rabin mil da tsayin ƙafa shida a tsakani, sannan lamuni ya samu. Katangar tana nan tsaye har yau. A Levittown kuwa, kusa da birnin New York, gidaje sama da 17,000 aka gina daga 1947 da goyon bayan gwamnati, takardun farko kuma sun ce fararen fata kaɗai za su zauna. Ko bayan Kotun Ƙoli ta hana kotuna tilasta irin wannan sharaɗi a 1948, sai a 1950 FHA ta daina tsaya wa sababbin gidajen da ke ɗauke da shi.

Gidajen da aka saya da arha a wancan zamani su ne jikoki ke gada yau. Binciken Babban Bankin Amurka na 2022 ya nuna matsakaicin iyalin farar fata yana da dukiyar dala 285,000, na baƙar fata kuwa bai kai 45,000 ba. Hannun gwamnati yana cikin wannan rata dumu-dumu, don haka ba za ta karkaɗe riga ta ce kasuwa ce ta yi ba.

Masu goyon bayan Turner sun ce ƙa'idar ta cika ƙananan hukumomi da cike-ciken takardu, ta kuma sa Washinton katsalandan cikin tsarin filayen gari. Gaskiya takardun 2015 suna da yawa. Amma nauyin takarda rage shi ake yi. Barin garin da ya shekara hamsin yana toshe ƙofa ga masu ƙaramin ƙarfi ya ba wa kansa shaidar adalci, ba wa kura ajiyar nama ne.

An ma taɓa gwada rufe ido, an ga abin da ya biyo baya. Bayan 1968 FHA ta juya ta shiga tsaya wa tsofaffin gidaje a tsakiyar birane ba tare da duba na kirki ba. Dillalai suka riƙa sayen kangaye, su shafa fenti, su haɗa baki da masu kimantawa, su sayar wa iyalai matalauta, da yawansu mata baƙaƙe masu renon yara su kaɗai. Rufi ya yi yoyo, injin ɗumama ɗaki ya mutu, bashi ya gagara, aka ƙwace gidaje dubbai a Detroit da Filadelfiya. Banki bai yi asara ba tunda gwamnati ta biya shi. Unguwannin ne suka cika da kufai.

Shari'a kuma ta riga ta yi magana. Dokar Adalcin Gidaje da Shugaba Johnson ya sa wa hannu ranar 11 ga Afrilu, 1968, mako guda bayan kisan Martin Luther King, ta ɗora wa ma'aikatar gidaje nauyin tafiyar da shirye-shiryenta ta hanyar da za ta rusa wariya. A 1970, a ƙarar Shannon, mazauna wata unguwa a Filadelfiya, baƙaƙe da farare, sun ƙalubalanci amincewar ma'aikatar da wani rukunin gidajen haya na masu ƙaramin ƙarfi a wurin da aka tsara gidajen mallaka. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba a yarda ma'aikatar ta amince da irin wannan gini ba sai ta auna tasirinsa kan cunkoson launin fata da talauci a unguwar. Dokar 1968 kuwa ba a goge ta ba. Sakatare yana iya soke ƙa'idar ofishinsa, amma ba shi da ikon soke abin da majalisa ta zartar.

Ba mu manta ba cewa George Romney, sakataren gidaje a gwamnatin Shugaba Nixon, wanda ɗan jam'iyyar Turner ne, ya yi ƙoƙarin hana kuɗin tarayya ga garuruwan da suka ƙi buɗe ƙofa, Nixon ya taka masa birki. Ba mu kuma manta ba cewa Amurka ce ke fitar da rahoto kowace shekara tana auna sauran ƙasashe kan haƙƙin ɗan'adam. 'Yan'uwanmu da ke haya a Bronx ta birnin New York suna zaune ne cikin unguwannin da wancan tsohon ma'auni ya yi wa illa, kuma 'ya'yansu ne za su ɗanɗana abin da aka yanke yau.

Muna kira ga Majalisar Dokokin Amurka ta rubuta sharaɗin auna unguwa dalla-dalla cikin doka, yadda sakatare mai zuwa ba zai share shi da alƙalami ɗaya ba. Kafin nan, ƙungiyoyin kare haƙƙin masu haya su koma kotu da hukuncin 1970 a hannu, kuma kada FHA ta tsaya wa ko da rukuni ɗaya na gidaje sai ta bayyana wa jama'a abin da ta gani a unguwar.