Direban Motar Kwana-Kwana: Laifinsa Ne Ko Namu?

 Yau maganarmu a kan wani ma'aikaci ce wanda ba a tunawa da shi sai ranar tashin hankali, watau direban motar kwana-kwana.

Kowace shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai labarin gobara ya cika gari. A watan Maris na 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone, dubban shaguna suka zama toka. A 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta kama cikin Janairu, ta Katsina ta biyo baya cikin Maris. A Fabrairun 2023 kuma wuta ta ci babbar kasuwar Maiduguri. Cikin dukiyar da ta salwanta har da jarin mata da aka tara ta hanyar adashi. Bayan kowace gobara kuwa, ta kasuwa ko ta gida, magana biyu ake ji a bakin jama'a. Wasu su ce 'yan kwana-kwana ba su zo da wuri ba, wasu su ce sun zo ba ruwa. Wani lokaci har jifan motar ake yi. To, kafin mu yanke wa direban nan hukunci, ya kamata mu san irin aikin da ke kansa.

Da farko dai, motar da yake ja tanki ce mai ƙafa. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Ke nan motar da ta ɗauko lita 5,000 tana ɗauke da tan biyar na ruwa, daidai da jarka 200 irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25, ban da tsani da tiyo da mutanen da ke ciki. Duk wadda ta taɓa ɗauko bokitin da bai cika ba a ka, ta san yadda ruwa ke tangaɗi yana neman ka da mutum. Haka yake yi a cikin tanki. In direba ya sha kwana da gudu, motar na iya kifewa, in kuwa ya taka birki, ba nan take za ta tsaya ba. Don haka ake koya masa ya yi sauri cikin natsuwa, domin sauri kan haifi nawa, kuma motar da ta faɗi a hanya ba ta kashe wutar kowa.

Na biyu, isowa wurin gobara ba shi ne ƙarshen aikinsa ba. A ma'aikatu da yawa direban ne ke kula da injin tura ruwa. Shi zai zaɓi inda zai tsayar da mota, kusa yadda tiyo zai kai, nesa yadda bango ko wayar lantarki ba za su faɗo mata ba. Shi zai daidaita ƙarfin ruwa, don in ya yi yawa tiyo ya fi ƙarfin mai riƙe da shi, in ya yi kaɗan ruwan ba zai kai ga wuta ba. A nan ne kuma amsar zancen rashin ruwa take. In tiyo yana fesa lita 500 a minti ɗaya, wancan tanki zai ƙare cikin minti 10 kacal. In babu famfon gobara a bakin titi, ko rijiyar burtsatse mai babban tanki a kusa, tilas direba ya juya ya ɗebo wani. Wanda ya iso daga baya sai ya ce ai da ma ba su zo da komai ba.

Ba kowa ake ba wannan mota ba. Ana bukatar lasin tuƙa babbar mota, da lafiyar ido da kunne, da ƙarfin jiki, da ilmin da zai iya rubuta rahoto ya kuma yi lissafin ruwa. Sai ya fara samun horon kashe gobara da taimakon farko kamar sauran abokan aikinsa. Kullum safiya zai duba mai da birki da taya da jiniya, ya kuma san titunan gari da lungunansa kamar tsakar gidansu. Hukumar kashe gobara ta tarayya, wadda aka kafa da doka a 1963, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, jihohi kuma kowace da tata.

Hakika gwamnati tana da nata alhakin. Gari yana ta faɗaɗa, tashoshin kwana-kwana ba su bi shi ba. Ana gina kasuwa ba a bar hanyar mota ba, inda aka bari kuma 'yan tebur sun cike. Amma laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Da rana tsaka, lokacin da maza suka fita nema, mu ne a gida, mu ne kuma farkon masu ganin hayaƙi. Sau nawa ake ɓata rabin sa'a ana kururuwa da watsa ruwan bokiti kafin wata ta tuna da waya? Wannan rabin sa'a ita ce ake ɗora wa direba daga baya.

Saboda haka, 'yar'uwa, ki ajiye lambar 112 a wayarki, kiranta kyauta ne, ki kuma nemi lambar 'yan kwana-kwana na jiharku ki rubuta a jikin bango. In kin kira, ki faɗi unguwa da layi da wata alama sananniya, kamar makaranta ko gidan mai, ki ce abin da ya kama, ki tura yaro mai wayo bakin titi ya tarye su. Ki fid da yara waje, ki hana su bin mota don kallo. In man suya ne ya kama, kada ki zuba ruwa, ki kashe gas ki rufe tukunyar da murfi. Ki kuma yi shawara da maigida tun yau, cewa ranar gobara ba jiran izini, a buɗe wa ma'aikata ƙofa su shiga.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku ɗauka aikin nan na maza ne kaɗai. A lokacin yaƙin duniya na biyu mata sun yi tuƙi a ma'aikatar kashe gobara ta Ingila. A 2017 wata mace, Dany Cotton, wadda ta shiga aikin tun 1988, ta zama shugabar 'yan kwana-kwana na birnin Landan. A nan Nijeriya ma akwai mata cikin wannan kaki. Wadda take sha'awa ta riƙe lissafi da kimiyya da kyau, ta kula da lafiyar jikinta.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kiyashe mu da gobara, amin. Sai mun sake saduwa.