Zazzaɓi Ya Sauka, Amma Irinsa Yana Cikin Jini

'Yan'uwa manoma, kowace damina, daidai lokacin maimai, zazzaɓin cizon sauro yakan kwantar da mutanenmu. Mai gida ya kwana uku bisa tabarma, ciyawa ta shige gero. Dukanmu mun sani sauro ne yake kawo mana ciwon. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, sauron ma a jikinmu yake ɗaukowa. Ba a ƙyanƙyashe sauro da cutar. Sai macen sauro ta ciji mai cutar, ƙwayoyin su yi kwana 10 zuwa 14 suna girma a cikinta, sa'an nan ta iya zuba wa wani.

Ƙwayoyin cutar da ke cikin jinin mutum iri biyu ne. Na fari su ne masu yawa, masu fasa jini, su ke kawo zafin jiki da rawar ɗari. Na biyu kaɗan ne, maza da mata, ba su sa ciwo ko kaɗan. Sukan ɓuya cikin ɓargo wajen kwana 10 har su nuna, su fito su yi makonni cikin jini suna jiran sauro. Waɗannan su ne irin cutar. Kowane manomi ya san halin wuta-wuta: in ka tuge ta bayan ta zubar da iri, ka makara, baɗi za ta tsiro a gonarka da ta maƙwabcinka.

To, ba kowane magani ne yake taɓa wannan iri ba. Kulorokwin da muka saba da shi a dā ba ya kashe wanda ya nuna, ga shi kuma cutar ta daina jin sa, har Nijeriya ta bar shi a 2005. Fansidar kuwa, an gano cewa bayan an sha shi irin yakan bayyana da yawa cikin jini. Yau amfaninsa shi ne rigakafin mata masu ciki, da na yara ƙanana da ake haɗawa da wani magani a raba wata-wata da damina. Maganin da ake bayarwa yanzu shi ne haɗin da ake kira ACT, kamar Coartem, wanda ake sha sau shida cikin kwana uku. Yana kashe masu kawo zazzaɓi da sauri, yana kuma kashe irin tun bai nuna ba. Saboda haka wanda ya sha shi da wuri, ya kuma shanye, da wuya ya ba sauro abin ɗauka da yawa.

Akwai kuma firimakwin, wanda shi ne yake kashe irin da ya riga ya nuna. A ƙasar Mali masu bincike sun ba sauro jinin mutanen da suka sha ɗan kaɗan daga cikinsa sau ɗaya, suka ga cikin kwana biyu sauron ya kusa daina ɗaukar cutar. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a haɗa shi da ACT a wuraren da cutar ta ragu. Amma kada kowa ya je kasuwa nemansa. Ba a ba mai ciki, kuma in ya yi yawa yakan fasa jinin wasu mutane. Wannan aikin likita ne.

Wani zai ce, “Ni dai in jikina ya yi sanyi, ina ruwana da abin da sauro ya sha?” Ruwanka ne, gama sauron da ya cije ka yau, bayan mako biyu a ɗakin 'ya'yanka zai kwana. Manya da yawa suna ɗauke da cutar ba su sani ba, suna noma lafiya lau, yara kuwa su ne suke mutuwa.

Kada kuma mu ɗauka magani kaɗai ya isa. Daga 1969 zuwa 1976 an yi babban gwaji a ƙauyukan Garki, cikin Jihar Jigawa ta yau. An yi feshi a ɗakuna, an ba kowa magani a kai a kai. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta ƙare ba, da aka daina kuwa ta komo.

Don haka ga shawararmu ga kowace ƙungiyar gama kai. Yadda muke ajiye kuɗin taki, mu ajiye na gwajin jini da magani tun kafin ruwa ya sauka, don kada talauci ya sa ɗan ƙungiya ya sayi ƙwaya biyu wurin mai tallar magani. Wanda zazzaɓi ya kama, a kai shi ɗakin magani a ranar, kada a jira ta uku. A shanye maganin duka, ba a rage wa wani. Wanda ya warke ya ci gaba da kwana cikin gidan sauro, domin a makonnin nan ne irin yake yawo a jininsa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu kawo wannan magana a taronmu na wannan wata, a tsai da abin da kowane gida zai bayar.