Zauren Iyali: Sanyin Gida Daga Tushe Yake

A Bawku, Yendi da Salaga, zafin Maris da Afrilu kan mai da ɗakin bulo mai rufin kwano tamkar tanda, kuɗin cefane ya ƙare a wutar fanka. Dokar gine-gine da Ghana ta ƙaddamar a 2018 ta tanadi tsimin makamashi, kuma kakanninmu sun riga mu sanin dabarar: bangon ƙasa mai kauri yakan riƙe zafin rana, ba ya sakinsa sai dare. Saboda haka mai niyyar gini ya sa silin ƙarƙashin kwano, tagogi su dubi kudu da arewa, ya dasa darbejiya a yamma. Musulunci ya hana almubazzaranci. Allah ya sa mu dace, amin.