Kada Sunan Katako Ya Jefa Ka Cikin Bashi

Ran Asabar da ta wuce na raka ɗan wana wani kanti a nan Ikko domin sayen jitar lantarki. Wata tara ke nan yana tara kuɗinta daga aikin gadi. Mai kanti ya ɗauko guda biyu, ya ce ɗaya ta fi tsada saboda jikinta katakon mahogani ne, wai muryarta ta fi kauri. Yaro har ya soma lissafin wanda zai ranta masa ciko. Na ce a dakata tukuna.

Jama'a, jitar lantarki ba gurmi ba ce. A gurmi, duma da fata su ne murya, in ka sake su ka sake kiɗan. Ita kuwa wannan, a ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya. Tsirkiya ta girgiza, wayar ta haifar da 'yar wuta, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta fitar. To, ina ruwan maganaɗisu da itace?

Ban ce katako ba ya taɓuka kome ba. Yakan shanye kaɗan daga girgizar tsirkiya, amma wani masani Bajamushe, Manfred Zollner, da ya daɗe yana auna abin, ya tarar tasirin jikin bai taka kara ya karya ba. A shekarar 2022 wani makaɗi a Amurka, Jim Lill, ya cire jikin ɗungum, ya ɗaure tsirkiyoyi tsakanin tebura biyu, ya sa maganaɗisu a ƙasa. Sautin da ya fito da kyar kunne ke raba shi da na cikakkiyar jita.

Abin dariya ma shi ne, wasu daga cikin katakan da ake yi wa kirarin nan namu ne. Wanda kamfanin Gibson ya yi jitar Flying V da shi a 1958, ya kira shi korina, afara ne na dazukan kudu. Mahoganin Afirka ɗan'uwan maɗacinmu ne na gida. Sapele kuwa sunan gari ne a Jihar Delta.

Inda katako ke da magana shi ne nauyi da wuya. Mai tsayuwa awa huɗu a wurin biki, kafaɗarsa za ta gaya masa. Kuma wuyan da bai bushe sosai ba, in ya sha laimar Ikko, ka kai shi Kano da hunturu, sai ya lanƙwashe, tsirkiya ta riƙa zuza.

Saboda haka na sa aka jona duka biyun a amfilifaya ɗaya, yaro ya juya baya, aka kaɗa. Sau uku yana nuna mai arhar a kan ita ce mahogani. Muka duba wuyanta a miƙe yake, muka biya. Ragowar kuɗin ya ajiye, yana neman amfilifaya ta hannu mai lafiya.