Ba A Zaɓen Waya Da Ido

Duk ɗalibin sashen lantarki da ya yi SIWES a masana'anta ya san wannan magana: "Kai, sa 16 kawai, ta isa." Da wannan jimlar ake yanke kaurin wayar da za ta kai wuta ga injin miliyoyin naira, ba biro ba takarda. A ganina mu 'yan foli ne ya kamata mu fara kashe wannan ɗabi'a, domin lissafin waya da bututu yana cikin abin da iyayenmu ke biya mana kuɗin makaranta mu koya. In muka fita da ND ko HND muna zaɓen waya da ido, to me muka zo yi?

Bari mu ɗauki misali, don kada a ce surutu ne kawai. A ce za a kafa moto mai kilowat 30 a wata masana'antar casar shinkafa a Sharaɗa ko Challawa a Kano, kan wuta mai layi uku, bolt 415. A ɗauka fawa fakta ɗinsa 0.85 ne, ingancinsa kuma 0.9. Ka ninka 1.732 da 415 da 0.85 da 0.9, ka raba wat 30,000 da abin da ya fito. Za ka samu kusan amfiya 55. Ka buɗe teburin BS 7671, dokar wayarin ta Birtaniya wadda da ita ake koyar da mu. Wayar jan ƙarfe mai rigar PVC, 16mm², a cikin bututu a jikin bango, tana ɗaukar amfiya 68 a layi uku. To ai 68 ta fi 55, oga ya yi gaskiya ke nan?

Tsaya tukuna. Wancan teburin an gina shi ne a kan zafin wuri na digiri 30. Wanda ya shiga rumfar masana'anta mai rufin kwano a Kano cikin watan Afrilu ya san 30 wasan yara ne. A waje ma zafi na wuce 40, balle kusa da rufi inda ake bi da bututu. A digiri 45, dokar ta ce ka ninka da 0.79. Amfiya 68 ta koma ƙasa da 54. Wayar da aka ce "ta isa" ta riga ta gaza tun kafin a kunna inji. Idan kuma aka cusa layin wani moton a bututu ɗaya don a rage kashe kuɗi, sai ka ƙara ninkawa da 0.8, ka dawo amfiya 43. Ga moto yana jan 55 daga safe har dare. In bireka mai amfiya 63 ce za ta kare layin, lissafi zai kai ka ga 25mm², in kuma layi biyu ne a bututun, sai 35mm².

Ba a nan ta ƙare ba, saura nisa. Waya mai 16mm² tana zubar da kusan milibolt 2.4 a kan kowace amfiya a kowace mita. Idan tsakanin allon rarraba wuta da injin mita 200 ne, amfiya 55 za ta cinye fiye da bolt 26 a hanya. Iyakar da dokar ta ba da shawara ga injuna ita ce kashi 5 cikin 100, wato bai kai bolt 21 ba. Kuma kowa ya san wutarmu sau da yawa a raunane take zuwa tun daga taransifoma. Moton da bai samu cikakken bolt ba yana ƙara jan amfiya don ya juya kayan da aka ɗora masa, ya yi zafi, koyil ya ƙone. A lokacin tashi ma, in kai tsaye aka haɗa shi, yana iya jan ninki shida na abin da ya saba ja. Daga baya sai ka ji ana cewa injin ɗan China ne shi ya sa, ko a ɗora wa NEPA. Ba wanda zai tuna da wayar.

Shi ma bututu ana raina shi, ana ganin rami ne kawai da za a zura waya. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada wayoyi su cinye fiye da kashi 40 cikin 100 na cikinsa. Dalili biyu ne: zafi ya samu wurin fita, sannan kada rigar waya ta yage wajen ja. Haka kuma ba a so kwana mai digiri 90 ta wuce biyu kafin a sa akwatin jan waya. Ga wata da mutane da yawa ba su sani ba: in bututun ƙarfe ne, dole ja da rawaya da shuɗi, har da nutiral, su bi ta cikin bututu ɗaya. Ka raba su, kowace da nata bututun, maganaɗisun da ke kewaye da kowace waya ba zai samu mai soke shi ba, ƙarfen da kansa zai fara ɗaukar zafi. Wannan ido ba ya ganin sa, karatu ne ke nuna maka.

Na san abin da wasu za su ce. Oga ya shekara ashirin yana wannan aiki, kai da ko gemu ba ka tara ba za ka koya masa? Gaskiya ne, akwai abin da hannun tsohon ma'aikaci ya sani wanda babu shi a handawut, kuma wanda ya raina shi ya cuci kansa. Sai dai kuskuren waya ba ya tona kansa ranar da aka yi shi. Rigar PVC an yi ta ne ta jure digiri 70. In ana wuce haka kullum, a hankali take bushewa, ta tsage, wata rana cikin dare layi ya haɗu da layi. Kafin nan an biya oga, ya tafi wani aikin, ya ci gaba da cewa bai taɓa samun matsala ba. Masu gadi da leburorin dare su ne ke wurin.

Wasu kuma za su ce jan ƙarfe ya yi tsada, mai masana'anta ba zai yarda ba. Shi ma gaskiya ne. Amma a kwatanta masa bambancin kuɗin 16 da 25 da kuɗin sake naɗa koyil, da kwanakin da inji zai yi a tsaye ga albashi na tafiya. Araha ba ta ado. Lissafin nan kuma yana kare aljihunsa ta ɗaya ɓangaren, domin akwai masu tsoro da ke sa 50mm² inda 25 ta wadatar, su sa mutum asarar banza.

Akwai kuma matsalar kasuwa. Za a rubuta 16mm² a jikin waya, ka auna ka ga ba ta kai ba. Wata ma alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama, alhali alminiyom ba ya iya ɗaukar amfiyar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi ke ɗauka. Hukumar SON na yaƙi da irin waɗannan kaya, NEMSA kuma ita ke da alhakin duba aikin wayarin, amma ba za su tsaya a kan kowane bututu a Bompai ko Kakuri ba. Wanda ke wurin da abin awo a hannu, shi ne kai.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta zauna da shugabannin sashen lantarki a kan abu uku. A samar da kwafin teburan nan a wokshop, inda kowa zai iya ɗauka ya duba. A samar da mitar maƙala ta auna amfiya da maikiromita na auna kaurin waya, a bar ɗalibai su riƙe su da hannunsu. Sannan kafin kowa ya tafi SIWES, a ba shi inji ɗaya a wokshop ɗin makaranta, ya bi layinsa daga allo har moto, ya auna tsawo da zafin wurin, ya yi lissafi, ya kare shi a gaban malami. Wannan ba ya buƙatar sabon gini ko jiran kasafin kuɗi.

Kai kuma ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa, in kun je wurin aiki aka ce a sa 16, ba sai an yi musu a gaban mutane ba. Ka koma gefe, ka yi lissafinka a takarda, minti goma ya isa. Ka samu oga shi kaɗai ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da na samu, ko za a duba mini?" Wani zai yi maka dariya, wani zai karɓa ya duba. Ko ya ƙi, ka ajiye takardar da kwanan wata a jiki. Nan da 'yan shekaru sa hannunka ne zai kasance a ƙasan zanen, kuma kai za a nema in wani abu ya faru.